A Buɗe wa Hajiya Rabi Ƙofar Zango Kafin Ranar Suna

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kula da gidanmu na haya a Al Ras, Dubai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da masu gadin da zan kawo ƙararsu yanzu. Yaya zafi? Allah ya nuna mana ƙarshensa lafiya.

Sunana Sani, mutumin Kano ne ni, ina aikin lodin kwantena a wani sito a Jebel Ali. Na daɗe a gidan nan ban taɓa kawo maka kuka ba, ko lokacin da lif ɗinmu ya tafi dogon hutu muna hawa bene da buhun shinkafa a ka. Da gangan na rubuta da Hausa. Turancina na lodin kaya ne, Larabcina kuma daga yalla sai khalas, su biyun ba za su ɗauki abin da ke raina ba. An ce akawunka ɗan Sudan yana jin Hausa tar, to don Allah ya karanta maka, kada ya rage komai. Na kuma saka takardar a dandalin 'yan uwanmu mazauna garin nan, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Na ɗaya, maganar filin da kuka rufe.

A bayan gidanmu akwai ɗan fili mai bishiyar darbejiya, tsakaninmu da masaukin da fatake ke sauka. A wurinku filin ba shi da suna, mu kuwa Zango muke ce masa. Fataken nan 'yan kasuwa ne daga Kano da Maraɗi da Damagaram, maza da mata. Suna zuwa su yi mako ɗaya ko biyu, su sari abaya da turare da takalma, su ɗaure su miƙa wa 'yan kago masu jigilar kaya, su koma gida. Ɗakunan masaukin nan, mutum in zai juya sai ya nemi izinin akwatinsa, shi ya sa da la'asar suke fitowa gindin darbejiya, su shimfiɗa tabarma, su ɗinke buhuna, su sha shayi.

A watan da ya wuce wasu mazauna gidan suka kai maka koke, ka sa aka garƙame ƙofar filin, aka ba masu gadi umarni cewa duk wanda ya fito daga masaukin kada ya zauna a filin, kada ya hau sama, ko da wani ya gayyace shi. Ba zan ce maka koken ƙarya ne ba. Bakano in yana waya da Kano ba ya bukatar wayar, muryarsa kaɗai ta isa ta kai. Kwalaye suna taruwa, igiyoyi suna harɗe ƙafar yara, akwai kuma wani dattijo da ya ɗauki jikin bangonku a matsayin wurin tofar da goro. Duk na gani, har na taɓa yi musu faɗa.

Amma akwai abin da masu koken ba su gaya maka ba. Babu farken da ke saukowa daga jirgi hannu rabbana. Kowa na ɗauke da saƙon iyaye zuwa ga 'ya'yansu da ke nan: kuka, daddawa, kilishi, man shanu, wani lokaci har da faɗan da uwa ta ce a isar baki da baki. A gindin bishiyar nan ake rabawa. Cikin Hausawan da suka sa hannu a koken akwai wanda na sani, ba zan kama suna ba, yana da shagon turare, shi ne kan fara isa Zango in ya ji jirgin Kano ya sauka. Yanzu a bakin titi yake karɓar daddawarsa, cikin rana, yana waige-waige kamar mai sayen kayan sata.

Na biyu, abin da ya faru ranar Lahadi.

Ranar Juma'ar da ta wuce Allah ya sauki maiɗakina lafiya, muka samu 'ya mace, haihuwarmu ta fari. Surukata ta so ta zo, biza ta ƙi fitowa. A al'adarmu mai jego ba ta zama ita kaɗai. Dole a samu babbar mace ta yi mata wanka da ruwan zafi da ganye safe da yamma, ta gasa mata jiki, ta dama mata kunun kanwa, har a yi arba'in. To a gidan nan mun daɗe da samun dabara. Matan Zango ne ke yi, karɓa-karɓa. Wadda ta sauka ta kama, in ranar tafiyarta ta zo sai ta damƙa wa wadda ta iso, har kwanakin su cika. Ba a biyan su, in ka yi maganar biya ma zagi za ka sha. Haka aka yi wa mata da yawa a nan, har da matar mai shagon turaren da na ce ba zan kama sunansa ba.

Wannan karon Hajiya Rabi ce a gari, dattijuwa 'yar Damagaram mai sarin mayafai, wadda ta fara zuwa Dubai tun ina makarantar firamare. Da na kai mata kukan biza ce mini ta yi, “Ɗana, kwantar da hankalinka. In dai muna saukowa daga jirgi, yarinyar nan ba za ta rasa mai yi mata wanka ba.” Dama ta taho da kanwa da yajin jego daga wurin surukata.

Da safiyar Lahadi, washegarin sallamar mu daga asibiti, Hajiya ta tarar masu shara sun bar ƙofar filin a buɗe. Ta shiga yadda ta saba, ta kama reshen darbejiya tana tsinkar ganyen wanka, hankalinta kwance, don a garinsu ba a neman izinin kowa kafin a tsinki darbejiya. Mai gadin safe ya tare ta. Mutumin kirki ne, shi kansa ya sha shayin Zango ba adadi, amma umarni ne aka ba shi, sai ya kira shugabansu. Ni kuma hayaniya ce ta sauko da ni, da silifas wari da wari.

Na tarar shugaban masu gadi ya zazzage jakar Hajiya a kan tebur. Ya fara da gwangwanin yaji, ya buɗe, ya cusa hancinsa ciki gaba ɗaya. Ranka ya daɗe, bawan Allahn nan ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Hajiya tana yi masa yarhamukallahu tana ƙarawa, har ta gaji ta bari. Da ya dawo hayyacinsa sai ya kwance ledar kanwa, ya ga farin abu dunƙule-dunƙule, nan take ya ja da baya ya sa safar hannu. Na yi masa bayani da duk Turancin da na mallaka cewa abin girki ne. Da na ga bai gane ba sai na ɓalli kaɗan na lasa a gabansa don ya yarda. Ashe nan na ƙara ɓata lamarin, don daga lokacin ni ma da wani ido ya koma kallona.

Sai ya ɗauki waya ya ce zai kira 'yan sanda. A nan dariya ta ƙare. Kai ka fi ni sanin abin da wannan kalma take nufi ga mai bizar ziyara. Ko an bincika an ga ba komai, tsoron a rubuta sunanta a wani wuri a hana ta dawowa ya isa ya kashe mata kasuwar da take ci da marayun jikokinta. Na ga Hajiya tana ba shi haƙuri da Hausa, tana komawa Faransanci, ganye na zubewa daga mayafinta. Wallahi raina ya ɓaci, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don saboda ni ta fito.

Wadda ta cece mu ita ce wadda ban taɓa zato ba. Maƙwabciyarmu 'yar Indiya, da duk gidan ke kira Anti, ita ce ta jagoranci koken da aka kawo maka, gida-gida ta bi. Ta sauko zubar da shara, ta ga ganye a ƙasa, ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta ce, “Baby?” Na ce eh. Ashe su ma a garinsu da ganyen nan ake dafa wa mai jego ruwan wanka. Anti ta ajiye bokitin shara ta fuskanci shugaban masu gadi, ta yi ta zuba masa Turanci ba numfashi, ban tsinci komai ba sai kalmar mother. Ya mayar da wayarsa aljihu. Amma ya riƙe kanwar wai sai ofis ya duba, ya kuma ce Hajiya ba za ta hau sama ba, umarninka ne.

Na uku, halin da gidana yake ciki yau Talata.

Anti ce ke yin wankan, Allah ya saka mata da alheri. Ita ce kuma ke tsinko ganyen, daga bishiyar nan dai, a gaban masu gadin nan dai, ba wanda ya ce mata kanzil saboda tana da katin gida. Ina roƙonka ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Ana jingine waya a taga, Hajiya tana ba da umarni ta bidiyo daga masauki, ni kuma ina bayan ƙofa ina tafinta. Hajiya ta ce ruwan bai yi zafi ba, Anti ta ce wannan ruwan ya isa a fige kaza, ni in fassara wa kowacce rabin abin da aka ce don a zauna lafiya. Kunu kuwa ni nake damawa, ba kanwa, ga gudaji. Maiɗakina tana sha tana kallona, ni kuwa na gane.

Muna dariya, amma jiya na shigo na tarar da maiɗakina a bakin taga tana kuka. Hajiya ce ta hango a tsallaken ƙofa, riƙe da filas ɗin farfesu, tana jiran in sauko in karɓa. Na ce mene ne, ai ana yin wankan. Ta ce ita ba wankan ba ne damuwarta, so take ta ji hannun tsohuwa mai jin yarenta a bayanta, wadda za ta ce mata sannu yadda innarta za ta ce. Ranka ya daɗe, ina iya ɗaga kaya mai nauyin mutum biyu, amma wannan ban san ta inda zan kama shi ba.

Na huɗu, abin da nake roƙo.

Gata, Juma'a, ita ce ranar suna. Washegari Asabar jirgin Hajiya zai tashi, ita da dawowa sai bayan watanni. Don haka ina roƙon ka ba da izini tun yau ta hau wurin mai jego, ita da matan da za su karɓe ta har a yi arba'in. A dawo mana da kanwarmu, in ofis yana son shaida a ɗebi kaɗan a jefa a tukunyar wake, za a ga aikinta. A buɗe mana filin da safiyar Juma'a mu yi addu'a mu ci abinci. Kada hankalinka ya tashi, ragon a mayanka za a yanka shi bisa doka, nama kawai zai iso.

Bayan suna kuma, ina roƙon a zauna da mu. Na je na sami manyan masaukin, sun yarda a sa musu lokacin buɗewa da na rufewa, za su riƙa kwashe kwalayensu, an kuma ja wa mai goro kunne. Sun ma yi alkawarin rage murya, wannan dai ban tsaya musu ba. Anti da kanta ta ce za ta zo zaman. A bar duk wanda mazaunin gida ya sauko ya ce baƙonsa ne ya shiga. A kuma gaya wa masu gadi su riƙa tambaya kafin su ambaci 'yan sanda, don abin da yake kalma a bakinsu, a wurin matafiyi abincinsa ne gaba ɗaya. Ba na neman a hukunta kowa cikinsu, su ma baƙi ne irinmu, neman halali ya kawo su.

Kai ma muna gayyatar ka, kai da akawunka da masu gadi duka. Akwai waina da miyar taushe, matan Zango sun ce su za su yi in an ba su wuri. Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci zuri'arka, ya sa duk inda 'ya'yanka suka je a duniya su tarar da mai buɗe musu ƙofa.

Abu na ƙarshe ban gaya wa kowa ba tukuna, ita kanta Hajiya ba ta sani ba, na kuma roƙi masu karantawa su riƙe bakinsu zuwa Juma'a. Sunan da na yi wa jaririyar huɗuba da shi a asibiti Rabi'atu ne. Wata rana yarinyar nan za ta tambaye ni ina mai sunanta take ranar da aka raɗa mata suna. Ina so in ce mata tana zaune a kan tabarma, tana riƙe da ita. Ba na so in ce mata tana tsallaken ƙofa tana leƙe.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sani mai lodin kwantena, angon ƙarni a gidanka na Al Ras.