Baƙon da Ya Auna Dauda

Misfala, Makka
Zulƙida, 1377

Zuwa ga mai ɗakina Asiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Madina lafiya. Yaya jikin 'yarmu Shatu, yaya jaririn? Allah Ya raya shi. Mu nan lafiya lau, ni da autanki Dauda, sai dai gidan ya yi mana faɗi.

Mutawwifi, jagoran alhazai, ya kawo mana baƙo a ɗakin sama, kuma tunda muka fara saukar alhazai ban ga irinsa ba. Baƙar fata ne kamar ni, har na yi masa Hausa, ya tsaya yana murmushi. Ashe daga Amurka yake. Ya musulunta, sunansa Mahmudu. Idris ɗan maƙwabcinmu, wanda ya yi aiki wajen masu haƙar mai, shi ke yi mana tafinta. Ina zargin Turancin nasa rabi ne.

Na tambayi sana'ar baƙon, Idris ya ce malamin ƙwallo ne. Ya fito da hotuna: samari ƙarti, kawunansu cikin kwano, kafaɗunsu a cushe kamar jaki da mangala. Na ce ina ƙwallon? Aka nuna mini wani abu mai kama da gwanda a hannun wani. Idris ya ce sunanta ƙwallon ƙafa, amma da hannu ake jifa. Nan na ɓata, har yau ban dawo hanya ba.

Ga abin da na iya tsinta. Mutum ɗaya ne ke jifa, abokansa sun yi masa katanga da jikinsu. Su waɗannan na hoton, aikinsu su fasa katangar su kayar da shi kafin ya jefa. Ɗaliban manyan makarantu ne. In sanyi ya shigo, masu ƙungiyoyin ƙwallon za su zauna su zaɓe su bi da bi, kuma Mahmudu ne zai gaya wa maigidansa, ɗaya daga cikinsu, wanda zai ɗauka. Biyu ne suka hana shi sakat: ɗaya ƙato amma mai nauyin tashi, ɗaya siriri mai zafin nama amma ana ture shi. In mun dawo daga Harami sai ya baza hotunan, yana nuna mini gwiwar wannan, tsawon hannun wancan, wai in faɗi ra'ayina. Na ce duka biyun Allah Ya shirye su. Me mai jifan ya yi musu?

Ki gaishe da Shatu da maigidanta. Ki sa mu a addu'a a Rauda.

Naki,
Garba


Misfala, Makka
Zulhajji, 1377

Asiya,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah. Ina fata kuna lafiya, ke da mai jego. An sauko daga Arfa lami lafiya, amma ni hankalina ba a kwance yake ba.

Mahmudu ya ga Dauda a wurin ɗawafi, yana ɗauke da shibriyya, gadon nan da suke ɗaukar tsofaffi a kai. Kin san yadda yaron ke ratsa cunkoso, ya sa kafaɗa nan, ya karkace can, taro ya buɗe masa. Tun daga ranar baƙon ya ajiye hotuna ya koma kan ɗanmu. Ya auna tsawonsa da igiya. Ya auna tafin hannunsa. Ya sa shi ya durƙusa, yatsu a ƙasa, in ya tafa hannu Dauda ya zabura. Yaron kuwa daɗi yake ji. Yana gaya wa abokansa wai zai tafi Amurka, za a san sunansa, ya gaji da ɗaukar tsofaffin mutane a ka.

Jiya na titsiye Idris. Na ce in an zaɓi yaro, shi ne zai ce ga inda yake so? Ya ce a'a, wanda ya riga ya ambaci sunansa shi ke da shi. Na ce in maigidan ya gaji da shi fa? Ya ce sai ya ba wani, ya karɓi wani yaron ko kuɗi.

Asiya, kin ji fa. Ni da ke mun san mutanenmu da suka baro gida don aikin hajji aka sayar da su a hanya. Mun san inda ake tsayar da su a garin nan, ana duba hannu da haƙori. Amma Mahmudun nan na gan shi yana kuka a gaban Ka'aba kamar ƙaramin yaro. Da mu yake cin abinci a akushi ɗaya. Ko Idris ne ya murɗe maganar? Na hana Dauda hawa ɗakin sama, shi kuma ya daina ɗaga ido ya dube ni. Da kina nan da kin san abin yi.

Naki,
Garba


Misfala, Makka
Muharram, 1378

Asiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku duka. Saƙonki ya iso, na kuma bi shawararki: na hau sama na tambayi mutumin baki da baki.

Da Idris ya juya masa tambayata, sai fuskar Mahmudu ta sauya. Ya ce kakarsa da kanta an sayar da ita tana yarinya, shi ba zai sayi ɗan kowa ba. Ya ce samarin nan biyansu ake yi, wanda bai so ba kuma ya koma gidansu. Na ce amma ana aunawa, ana zaɓa, ana musaya? Ya ce haka ne. Na ce to? Sai ya ce: “Akwai bambanci, ya Shaihu. Amma na so a ce ya fi haka girma.” Ban san ko amsa ce wannan ba.

Ya roƙe ni ya yi wa Dauda gwaji ɗaya tak, a gabana. Na yarda. Bayan La'asar aka jera abokan aikin Dauda a lungunmu, Idris a bayansu riƙe da kankana, shi ne mai jifa. Mahmudu ya tafa. Kafin in ƙifta ido yaronki ya watsar da ƙartin nan, ya isa kan Idris. Idris ya runtse ido yana salati. Sai Dauda ya ja birki, ya ɗaga shi cak, da shi da kankanar, ya ajiye shi a dakali a hankali. Aka sake, haka ya ƙara yi. Unguwa ta kwashe da dariya.

Mahmudu bai yi dariya ba. Ya dafa kafaɗar Dauda, ya ce bai taɓa ganin mai saurin tashi kamarsa ba, amma ba zai ɗauke shi ba. Ɗalibai kawai ake zaɓa, kuma ko da ɗalibi ne, ba shi da abin da ake nema. Wai hannunsa ya saba da sauke mutum lafiya.

Abin da na roƙi Allah ke nan, ko ba haka ba? To, wallahi sai na ji raina ya ɓaci. Na ji bakina yana cewa me ɗana ya rasa da waɗancan masu kwano a ka suka fi shi? Idris ya dube ni, ya ƙi fassarawa.

Baƙon ya tafi Jidda shekaranjiya, har yanzu bai san wanda zai zaɓa a cikin biyun ba. Dauda ne ya ɗaukar masa kaya zuwa mota, suka rungumi juna. Ya koma aikinsa, amma in ya dawo gida sai ya zauna yana kallon tafin hannunsa.

Ki dawo da motar farko, Asiya. Yaron nan yana buƙatar wanda zai ce masa wani abu, ni kuma ban sani ba, barka zan yi masa ko jaje.

Naki har kullum,
Garba