Hukuncin da Aka Yanke wa Auta

Daura,
Agusta, 1972.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyali, a can Fatakwal. Mu nan damina ta yi kyau, gero ya fara kai. Iya ce dai jikin sai a hankali, ƙafafun sun kumbura, ko tsakar gida ba ta fitowa.

Yaya, an yanke wa ƙaninmu Auta hukunci, shekara uku a gidan yari. Ka san bana gwamnati ta mai da tuƙi hannun dama, shi kuwa tun yana yaron mota hagu ya sani. Ya ɗauko siminti zuwa Mai'adua, a wata kwana hannunsa ya koma tsohon gefe, ya banke Malam Kalilu, wani mai sayar da awaki na Kongolam, yana tafe a kekensa. Ko shurawa bai yi ba. Bawan Allah shi ne ma ya bi sabuwar dokar.

Kawu Dabo ya ja dattawa suka je ta'aziyya. Dangin mamacin sun ba mu kunya wallahi, suka ce kwanansa ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira. Ni da wautata na ɗauka magana ta mutu ke nan, har na yi wa Iya albishir. Ashe kotu ba ruwanta. Alƙali ya ce ya yarda Auta bai yi niyya ba, da ya yi da rataya ake magana, amma sakaci ma ya ci rai, yafiya kuma tsakaninsu da Allah ce. Kawu ya ce a ɗaukaka ƙara, Auta ya ƙi, wai da wane ido zai dubi marayun mutumin.

Na gaji, Yaya, ban ga mafita ba. Da na gaya wa Iya ba ta yi kuka ba, ta daɗe tana duban ƙafafunta, sannan ta ce, "Rubuta wa Maharazu ya zo. Auta ne na so ya sa ni a kabari, to ba zan kai fitowarsa ba."

Ka gai da Murja da su Hasana. Kawu Dabo da Talatu suna gaishe ka. Don Allah kada ka jira sai kaka.

Ƙanwarka,
Hussaina