Sun Juya Maka Wasan Buhu

Zuwa ga yayana Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma abin da na gani ranar Asabar ya ƙi fita daga raina, kuma kai ne mai shi.

Yaya, sun yi wasanka. Wasan Buhu, wanda ka tsara shekarar da kogi ya fasa jinga ya cinye mana shinkafa tana gab da yanka. Ka tuna yadda yake: Mai Girma ya zo da masu ɗaukar hoto, ya jera buhuna a bakin ruwa, a yi tafi, ya tafi. Sai kai ka fito a masunci, da tsohuwar malafarka, ka ɗaga buhu ɗaya da yatsa biyu ka tambayi jama'a, "Me ke cikin buhun?" Dandali ya amsa, "Iska!" Har yau ina jin dariyar matan Kirikasamma ranar da kuka kai musu shi.

Abokinka Sale Gajere, wanda kullum shi ke fitowa a Mai Girma, shi ya zo har gida ya ari malafar. Ya ce tunawa da kai za a yi. Inna har da hawaye, ta sa masa albarka. Na ci kwalliya na tafi.

Inna lillahi! Ashe taron wani ɗan takara ne. Rumfuna, lasifika, hotonsa ko'ina, ga masu ɗaukar fim sun kafa ƙarafunansu. Aka kira sunanka da ƙarfi, wai kai ka rubuta. Na zauna ina jira, sai na ga wasan ya karkace. A nasu, Mai Girma ne ya kawo buhuna cike da yashi, masuncin kuma malalaci ne, yana kwance ƙarƙashin malafarka yana minshari ruwa na shigowa gari. Malafarka, Yaya! Kai da ka kwana uku cikin ruwa kana ɗaurin jinga har tafin ƙafarka ya tsattsage. Tambayar kuwa sun cire ta ɗungurungum.

Sale fa! Mutumin da kuka ci tuwo kwano ɗaya, wanda ya shiga kabarinka ya karɓe ka da hannunsa. Na dube shi cikin babbar riga yana ɗaga wa ɗan takara hannu, na rasa gane ko wane ne.

Kullum kana cewa, "Kar ka yi wa mutumin Haɗeja ƙarya da buhu, kafaɗarsa ta san nauyinsa." Sale bai riƙe wannan ba. Don kar su wahala, ƙaiƙayin shinkafa suka ɗura a buhunan, suka ɗinke baki. Da aka zo ƙarshe, gogan naka ya sunkuya ya suri buhu da hannu ɗaya, ya ɗaga sama yana murmushi. Buhun yashi da hannu ɗaya! Abin da ƙarti biyu ke ɗauka suna nishi.

Can daga baya wata tsohuwa mai sayar da soyayyen kifi ta jefo tambayarka, da muryarta mai kaushi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Maza da mata, har da waɗanda aka kwaso a mota don su yi tafi, muka amsa gaba ɗaya. Sale ya saki buhun, buhun ya faɗi ko ƙara bai yi ba.

Na ɗauka shi ke nan, gaskiya ta fito. Jiya sai ga fim ɗin a wayoyin mutane. Sun yanke tsohuwar, sun yanke amsarmu, sun sa tafi a gurbin. Sunanka na nan a farko da manyan baƙaƙe. Wanda bai je ba zai rantse kai ka zagi masunta. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, duk mai karantawa ya sani: yayana bai rubuta haka ba.

Na je na karɓo malafar. Sale bai iya haɗa ido da ni ba, ni ma na juya na tafi, don in na fara magana ba zan tsaya ba. Inna ba ta sani ba tukuna. Ta tambaye ni ko an yi dariya kamar da, na ce an amsa maka, Inna, an amsa.

Yayana, ruwa ya fara tasowa. Ciyawar kacalla ta toshe hanyarsa kamar kullum, buhunan yashin da ɗan takarar ya yi mana alkawari a taron kuma har yau ba mu ga ko ɗaya ba. Kai kuma ga ka kwance a bayan jingar da ka ɗaure.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya wanke sunanka. Allah ya ba mu yashi da kafaɗun ɗauka, kar ruwan bana ya iso inda kake.

Ƙanwarka da ke kewarka,
Falmata