Ƙofar da Ka Sani

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Mu ma lafiya lau, in ka cire abin da ya sa na ɗauki biro. A waya ba zan iya faɗa maka ba, domin da Inna ta ji muryarka take miƙo hannu, kuma ka san ba a taɓa ka a gabanta.

Layin jirgin ƙasa na cikin gari da kuka miƙo unguwarmu ya iso. Kowa ya san da hannun ɗan Inna a zanen, har masu zuwa gaishe ta sun ƙaru. Sai ga shi makon jiya ma'aikatanku sun gina katangar da za ta raba layin da gidaje, suka bi da ita ta lungun bayan gidanmu, daf da bango. Yanzu in na buɗe ƙofa katanga ce ke yi mini barka da asuba. Ni da ba ni da jiki sai na karkace nake fita. Keken da muke tura Inna a kai kuwa, ko ƙafarsa ɗaya ba ta wucewa.

Na sami shugaban ma'aikatan na wanke shi tas. Bawan Allah ya bari na gama, sannan ya ce babban injiniya da bakinsa ya tabbatar musu babu ƙofa ta wannan ɓangaren, wai gidan ubansa ne, ya san shi kamar yunwar cikinsa. Har ya nuna mini yadda ka sa aka matso da tasha ta gaba, saitin zaure, don tsohuwarka ta huta da wahala.

Yaya, wane zaure? Tun bayan rasuwar Baba muka toshe ƙofarsa ta ciki, na mai da shi shagon ɗinki, muka fasa ƙofar gida ta baya. Na faɗa maka a lokacin, ka ce to, madalla, ashe kunnenka kawai na cika. Gari ɗaya muke da kai. Da Inna na da ƙafa ita ke zuwa wurinka, da ɓarin jikinta ya shanye a asibiti ka duba ta. Kullum cunkoson hanya ne ya hana ka. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye maka ba.

Ka sa a matsar da katangar nan. Inna na gaishe ka, ba ta san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Yaya jikin Anti? Allah ya ƙara sauƙi.

Direbanka ya kawo saƙo. Na ji katanga ba ta matsuwa saboda tazarar da doka ta sa tsakaninta da layi. Na ji kuma za ka kama mini shago a kasuwa. Sannu da ƙoƙari. In na tafi kasuwa, wa zai juya Inna, wa zai kai ta bayi? Ko direban ne? Ai don in riƙa jin tarinta ta bango ina taka keke na zaɓi zauren nan.

Bari in gaya maka abin da bai gani ba, tunda ko daga mota bai fito ba. Ranar zuwanta gashin ƙashi, maƙwabcinmu mai walda da ƙanensa ne suka ɗauko ta a hannu, suka bi da ita ta tsakanin bango da katanga a karkace kamar katifa. Gwiwar hannunta ta goge, zaninta ya kusa kwancewa, ma'aikata na tsaye suna kallo. Matar da ko ɗankwalinta ba a taɓa ganin ya zame a waje ba. Sai da muka shiga mota sannan hawaye suka zubo mata. Da ta buɗe baki kuma, roƙona ta yi kada in gaya maka, wai kana da aiki da yawa.

Ba zan sake bari a ɗauke ta haka ba. Washegari na kira magini ya fasa ƙofar zaure ta ciki. Ka san girman zauren, ko da yake me ka sani? In keken Inna zai wuce, teburin yanka da kekunan ɗinki ba su da wurin zama. Na kwashe su na cusa a ɗakina, na cire allon shago da hannuna. Shekara da shekaru ina haɗa shagon nan, allura da zare, ba wanda ya ɗora mini ko bulo ɗaya. Masu kawo ɗinki sun fara wucewa wurin telan bakin titi, don ba kowa ke son ratsa gidan mutane ba.

Kada ka aiko da komai. Abin da za ka aiko ba shi ne ya ɓata ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, a shafa mini kan yara.

Jirginku ya fara aiki. Mun gan ka a talabijin ranar buɗewa, a can babbar tashar cikin gari, kana ta murmushi da hular kwano. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Daga zaure zuwa tasha babu ko tudu, ni kaɗai nake tura Inna har cikin tarago, kafin ta gama gaisawa da mutane mun isa asibiti. Wannan ma haushi yake ba ni, don na rasa inda zan kama ka.

Na so ta taya ni fushi ko sau ɗaya. Na zauna na lissafa mata duk abin da ka jawo mana. Ta saurare ni, sannan ta ce, "Yaron nan bai yi kuskure ba, Auta. Ƙofar da ya sani ce, ta nan zai shigo."

Tun daga ranar, da la'asar ta yi sai ta sa in yi mata wanka, in ɗaura mata ɗankwali, in tura ta bakin zaure, daidai inda teburina yake a da. Duk jirgin da ya tsaya sai ta ɗago kai tana bin masu sauka da ido ɗaya bayan ɗaya, har wuri ya watse. Sai ta ce ƙila na gaba. Ni ce nake mai da ita ciki in duhu ya fara, ni ce nake ganin fuskarta.

Na yafe maka shagon, ko da yake zuciyata ba ta gama yarda ba. Wannan zaman ne ba zan yafe ba. Da ka ce cunkoso. Yanzu kai da kanka ka shimfiɗa hanya daga ƙofar ofishinka har ƙofar uwarka, ka sa an buɗe maka zauren da ka sani. Kowa a garin nan ya hau jirgin, har mai walda da ba shi da inda za shi. Saura kai.

Gobe ma za ta zauna.

Ƙanwarka,
Auta