Garar 'Yan Ɗari Biyu

Wurno, ranar Talata

Zuwa ga maigidana Habibullahi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin da ya hana ka leƙo tsohuwar matarka. Mu lafiya lau, in ban da gwiwa.

Na rubuto in yi maka godiyar asarar da ka yi. Kai ka biya aka kai ƙanwarka Mahbuba Sakkwato koyon gashin biskit da kek, to ta dawo da ilimi. Ta ce garar 'yar'uwarku Adawiyya da za a kai gidan mijinta can garin Rabah bana babu alkaki, wai alkaki ya tsufa. Shekara arba'in ina murza alkaki, ba amaryar da ta fita gidanga ba da shi ba, yau ga ɗiyar da na yi wa wankan jariri tana faɗa min mi ya tsufa.

Ka san mi ta yi? Biskit fale-fale kamar takardar kuɗi. Shuɗi na dubu, kore na ɗari biyar, ja-ja na ɗari biyu, ta ɗaure su bandir-bandir da zare. Mutumin da ta zana jiki fuskarsa kamar wanda zuma ta harba. Uwarku har da guɗa, 'yan mata na ta ɗaukar hoto. An cika fanteka uku da kuɗin da ko albasa guda ba su saya. Ni dai na ja bakina na yi shiru.

Ka gaida abokanka marasa aure irinka.

Kakarka,
Fatsuma

Wurno, ranar Lahadi

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, gyara zama ka sha labari.

An kai gara. Ka san dangin ango ke rabo, gida gida. To, mai rabon ta ga girmansu ɗaya, ɗanɗano ɗaya, sai ta yi ta ɗiba yadda hannu ya kai. Kwanon Kyauta, goggon ango da ta taso tun daga Goronyo, ya faɗa kan 'yan ɗari biyu zalla. Matar ƙanenta, yarinyar jiya, ta samu 'yan dubu.

Kyauta ta kife kwano tsakar gida. Ta ce yau ta ji farashinta bakin mutanen Wurno. Anka ba ta haƙuri, anka ce gari ne da sukari, ta ce in gari ne mi ya sa aka rubuta lamba? Sai kowace ta buɗe nata kwano tana dubawa. Masu kore sunka harari masu shuɗi. Kafin la'asar Kyauta ta hau mota, ta rantse ba ta taka ɗakin amarya. Ita ta goyi angon, in ba ta shiga ɗakin ba, sauran mata ma ba su shiga. Kwana uku ke nan Adawiyya na zaune ita kaɗai, ta bugo waya tana kuka.

Gwanar Sakkwato kuwa ta shige ɗaki, ta daina hoto.

Taka,
Fatsuma

Wurno, ranar Alhamis

Maigidana,

Ina gaisuwa, ina fatan kana ƙalau.

Mahbuba ta zo ta durƙusa gabana, wai in taimaka da alkakin lallashin Kyauta, ko da yake alkaki na son kwana. Na bar ta ta gama, sannan na ce ta jawo tukunyar da ke ƙarƙashin gadona. Tun ranar da ta fara zanenta na sa aka ɓarza min alkama. Alkaki tamanin, sun sha zuma, ba wanda ya fi wani.

Da gwiwar tawa na ɗauke su na tafi Goronyo. Kyauta ta ɗaure fuska, ta gutsura ɗaya don kunya, ta ƙara na biyu ba kunya. Jiya ta je Rabah ta zauna bakin gadon Adawiyya, mata sunka biyo ta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai: tun ranar farko na hango rigimarga. Wanda ya san rabon gara ya san ba a sa wa mata lamba. Na yi shiru don gwanar Sakkwato ta ji a jikinta, ban yi lissafi da hawayen Adawiyya ba. Wannan kam ya tsaya min a rai, na kuma roƙe ta gafara. Mahbuba ban roƙe ta komi ba. Ga ta can tana koyon murza, hannu kamar na mai tufka igiya.

Mode direba zai kawo maka ƙunshi. Alkaki ya ƙare, sai sauran ilimin da ka biya. Na zaɓo maka da hannuna, 'yan ɗari biyu ne zalla. In ka ji haushi, ka hau mota ka zo ka kife min kwano.

Matarka ta fari,
Fatsuma