Kada Ka Yi Fito Yau, Atif

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a tsakar rana, raɓar da ke sauka a kan busasshiyar zuciyata, mijina Atif, sarkin masu taurin kai na unguwarmu da kewayenta.

Amincin Allah ya lulluɓe ka, ya abin ƙaunata. Na san za ka yi dariya idan yayata Ihsan ta miƙa maka wannan takarda. Za ka ce, tsakanin gidanmu da gidan Ihsan 'yan lunguna ne, kullum kuma ina zuwa, me ya kawo wasiƙa? To yi dariyarka ka gama, sannan ka nemi wuri ka zauna. Bakina ya daina kai magana ƙarshenta. In na ɗauko zance, kafin in kai tsakiya numfashi ya tsere mini, kai kuma ka saba cike gurbin da barkwanci, ka gyara mini robar iska a hanci, ka ce in huta. Alƙalami ba ya haki, Atif. Yau sai ka ji ni har ƙarshe.

Ka tuna farar tattabarar nan mai ɗigon baƙi a wuya? Ka tuna la'asar ɗin da na hau saman gidan babana kwashe shanya, kana can tsaye a kan hasumiyar katakonka, kana kaɗa jar tuta, garkenka yana kewaya sararin Alƙahira? Wayyo wannan fito naka! Ka sa yatsu biyu a baki ka ja shi, dogo, siriri, ba yankewa, har sai na ga kamar ba zai ƙare ba. Maza nawa ne ke fito a saman gidaje a wannan lokaci? Amma naka kaɗai kunnena ya tsinta, kuma tun daga ranar bai sake ɓace mini ba. Garken duk ya juyo gare ka, sai ita kaɗai ta ware ta sauko kan igiyar shanyarmu ta zauna. Kowa ya san ƙa'ida, tsuntsun da ya sauka a rufin wani ya zama na mai rufin sai an zo an fanshe shi. Ka zo ka fansa. Washegari ta sake sauka, ka sake zuwa. Da abin ya yi yawa babana, Allah ya jiƙansa, ya tare ka a ƙofa da ita a hannunsa ya ce, “Kai ɗan nan, tsuntsuwar nan ta fi ka iya bayani. Ka bar wahalar da ita, je ka turo mini manyanka.” Ina bayan labule ina cizon gyalena don kada dariya ta tona ni. Sai bayan aure ka gaya mini hatsi kake ba ƙanena Sabri yana watsawa a gindin igiyar.

Ya ruwan sanyina, wace mace ce ta ji daɗin da na ji? Allah bai ba mu haihuwa ba, sai muka ɗauki tattabaru muka mai da su 'ya'ya. Kai da tuta da fito, ni da tsintsiya. Kowace safiya ina cikin akurki ina share kashi da gashi, farar ƙurar fukafukansu tana tashi cikin hasken da ke ratsowa ta tsakanin katako, ina waƙa ina shaƙa. Har cewa nake yi tana da ƙamshi! Shekara da shekaru ina haɗiyar ajalina da murmushi, babu wanda ya taɓa gaya mana.

Tari ne ya fara zuwa, busasshe, marar majina, wanda muka ɗora wa hayaƙin motoci. Daga nan matakalar bene ta fara yi mini tsawo. Na riƙa tsayawa a hawa na biyu ina yi kamar maƙwabciya nake jira mu gaisa. Farcena ya kumbura ya lanƙwasa, leɓena ya riƙa yin shuɗi in na yi wanki. Ranar da likita ya ɗora abin sauraronsa a bayana ya gama saurare, sai ya tambaya, “Kuna kiwon tsuntsaye?” Kai kuwa ka washe baki da alfahari ka ce, “Ranka ya daɗe, ai duk unguwar babu mai irin nawa.” Ban taɓa ganin fara'a ta mutu a fuskar mutum da sauri irin na ranar ba. Ya nuna mana hoton ƙirjina, ya ce ƙurar tattabaru ta sa huhuna yana yin tabo yana ƙeƙashewa, kuma inda ya riga ya ƙeƙashe ba ya dawowa. Magani zai rage masa gudu ne kawai. Abin da ya rage shi ne dashe, mutum biyu masu rai, kowanne ya ba da wani sashe na huhunsa.

Kafin ya rufe baki ka dafa ƙirjinka ka ce, “Ga ɗaya. Dama nata ne, ajiya ta ba ni.” Sabri ya ce ga na biyu. Ya masoyina, ya garkuwata, da me zan biya wannan? Ka ajiye shisha a ranar, kai da ko Ramadan da ƙyar kake kai magariba. Ka kwaso ni ka kawo ni ɗakin ƙasa na gidan Ihsan, nesa da gashi da ƙura. Jininmu ya dace. Na Sabri an gama komai. Kai kuma saura hoton ƙirji da gwajin numfashi, kuma likita ya ja maka kunne a gabana ya ce, “Daga yau kai da tattabara sai dai ka hango ta a sama. Huhun da za ka ba ta ba naka ba ne kai kaɗai yanzu.”

Ka kai tattabarun kasuwar Juma'a ka sayar, ka dawo ido jawur ka ce ƙura ce ta shiga. Ba a yi mako ba suka dawo. Ka ba wani mutumin garin Ɗanɗa da ya tafi da su a jirgin ƙasa, suka dawo. Ka zo ka zauna a bakin gadona kana dariya kana cewa, “Widad, 'ya'yanki sun gaji halinki, ba sa jin kora.” Daga baya ka ce mini ka toshe ƙofofin akurkin da ƙusa, sun gaji sun watse, an gama. Na yarda, domin kai ne ka faɗa.

Sai mahaifiyarka ta fara zuwa da tukunya. Kullum da hantsi ga Hajiya Ni'imat ta shigo tana haki, ta buɗe murfi, ga romo ga 'yan shila an cusa musu alkama. “Ci, 'yata, ci,” in ji ta. “Wane likita ne ya fi tattabara sanin jini? Da ita ake ta da mai jego, da ita ake ta da amarya. Abin da ya kayar da ke shi zai tashe ki, in Allah ya so.” Na tambaye ka daga ina, ka ce daga kasuwa. Ni kuwa na ci, na tanɗe yatsu, na sa maka albarka.

Atif, ni za ka yi wa haka? Ni da na yi rabin rayuwata da hannu a cikin sheƙa? Shekaranjiya na juya ɗan shila a faranti sai na ga yatsar ƙafarsa ta waje a karkace, irin ta jikokin farar nan mai ɗigon baƙi. Duk Alƙahira babu gidan da ake ƙyanƙyashe wannan ƙafa sai gidanmu. Cokali ya faɗi daga hannuna. Ɗan shila ba ya faɗowa daga sama, sai an yi sheƙa, an kwanta kan ƙwai, wani kuma ya hau kullum ya ba da hatsi, ya share, ya sa hannu ya ɗauko. Na dubi Hajiya, ta kau da kai ta ce, “To me ya yi? Na kasuwa ai ba a san me ya ci ba. Na gida ya fi albarka.” Ba ta da mugun nufi, na sani. Kai ma ba ka da shi. Ƙauna ce ta rufe muku ido ku biyun, kuka ɗauki guba kuna ce mata magani.

Yanzu na gane sabulun da kake ƙamshi duk lokacin da ka shigo, da rigar da kake sakewa a zauren Ihsan. Ni kake karewa, ka wanke gashi da ƙura don kada su iso gare ni. To wa ke wanke abin da ya riga ya shige ƙirjinka?

Amma ba wannan ne ya hana ni sakat ba, ya hasken rayuwata. Jiya da la'asar sakaliya na sa Ihsan ta jawo mini tukunyar iska zuwa bakin taga, ta kashe rediyo. Iska ta juyo daga wajen gidanmu. Na ji fiton maƙwabcinmu Usta Garib, na ji na 'ya'yan mai burodi, sannan na ji naka. Zuciyata ta yi tsalle kamar ta yarinyar nan mai kwashe shanya, wallahi ta yi! Sai fiton ya tsinke a tsakiya. Ka yi shiru, ka sake ɗaukowa, ya sake tsinkewa. Fiton da na sani dogo ɗaya, jiya gutsure uku ya zama. Na san wannan tsinkewar, Atif, a maƙogwarona ta fara, ranar da na kasa kai baitin waƙa ƙarshe ina shara. Kuma na tuna yadda kake tsayawa a ƙofa kwanan nan kana yi kamar takalmi kake gyarawa kafin ka yi sallama. Ni ce na ƙirƙiro wannan dabara, kada ka gwada ta a kaina. Sau biyu aka sa maka ranar hoton ƙirji, sau biyu ka ce aiki ya riƙe ka a shago. Aiki ne, ko tsoron abin da hoton zai nuna?

Ina jin tsoro. Ga shi na faɗa ƙarara. Ciwon nan ba ya gudu, ba ya ihu, zama yake yi a gefen mutum yana rage masa ɗaki kaɗan kaɗan. Da farko ya ƙwace mini saman bene, sannan titi, sannan tsakar gida. Yanzu duniyata ta tsaya iyakar tsawon robar da ke hancina. In na yi sujada sai na yi shawara da ƙirjina kafin in ɗago. Duk wannan na ɗauka, na ce ƙaddarata ce. Amma in ga ya tsallaka ya zauna a gefenka, a dalilin romon da nake sha? Wannan ba zan iya ɗauka ba. Wa zai jawo maka tukunyar iska zuwa taga? Wa zai fahimci abin da kake nufi in maganarka ta tsinke?

Saboda haka ina roƙonka, ya sanyin idona, da girman Allah, da girman gishiri da burodin da muka ci tare. Kada ka sake hawa. Ka ba Usta Garib mabuɗin saman gida, shekara nawa yana haɗiyar yawu a kan garkenka, ya kwashe su duka, ya kawo kafinta ya rushe hasumiyar har ƙasa. Muddin katakon nan yana tsaye za su dawo, muddin sun dawo kai ma za ka hau, na san mijina. Ka ce wa Hajiya tukunyarta ta huta, ko ta kawo ba zan buɗe baki ba. Sannan ka je a ɗauki hoton. In ya fito fes, alhamdu lillahi, zan karɓi kyautarka da hannu biyu, in numfasa da kai har ƙarshen kwanana. In kuwa an ga tabo, ko ɗan ƙanƙane ne, to ka ji da kyau, ba zan karɓa ba. Ko ka yi rantsuwa, ko ka yi fushi, ko ka tara mini dangi, ba zan sa hannu a takardar likita ba. Zan jira wani mai bayarwa in Allah ya kawo shi. In bai kawo ba, na fi son in tafi in bar ka kana numfashi da in zauna ina sauraron hakinka.

Na san abin da nake nema. Na san tsuntsayen nan su ne 'ya'yan da ba mu haifa ba, kuma na san mutumin da aka raba da samansa da la'asar bai san inda zai sa kansa ba. Zo ka sa shi a kafaɗata. Har yanzu tana nan, ta rame amma tana nan.

Yau ma zan sa Ihsan ta kai ni bakin taga. Tun ina budurwa, duk la'asar ta Allah fitonka nake jira, shi ne yake gaya mini kana sona. Yau kuwa zan kasa kunne in ji na Usta Garib, in ji na 'ya'yan mai burodi, in jira har a kira magariba. In na ji shiru daga wajen gidanmu, na san ka karanta, na san kuma har yanzu ni ce. In kuwa na ji shi, gutsure uku ko huɗu, zan rufe tagar da hannuna, kuma gobe in ka zo za ka tarar na aika wa likita cewa mai bayarwa ɗaya gare ni.

Kada ka yi fito yau, Atif.

Taka tun daga igiyar shanya, taka da numfashin da ya rage da wanda ya ƙare, taka a nan, taka kuma a inda ba a haki,

Widad