Kada Ka Tayar da Motar

Yaya Hashimu,

Na tafi asibiti wajen abokina Marwa. Jiya a wasan motar bikin Limawa birki ya shanye mini, gefen da yake zaune a motar ya daki katanga. Likita ya ce da wuya ƙafarsa ta tsira.

Baƙin mai kam na zuba wanda ka ce. Man birkin ne na saya a bakin titi, na cikin gora. Yana yin zafi ya daina aiki.

Yanzu da motar ta huce, birkin yana kamawa kamar lafiya lau. Ƙarya yake yi. Don Allah kada ka kai su Zara makaranta da ita. Na tafi da makullin.

Ban san da wane ido zan kalli mahaifiyar Marwa ba.

Abdussamad